Baƙin Kwanon Shayi na Sin da Japan: Aikin Ƙasa, Toka da Wuta

A watan Satumba na 2016, a wani gwanjo da kamfanin Christie's ya yi a birnin New York, an sayar da wani ɗan kwanon shan shayi a kan dala miliyan 11.7. Kwanon bai wuce a riƙe shi da tafin hannu biyu ba, faɗin bakinsa kusan santimita 12 ne. Babu zanen fure ko na tsuntsu a jikinsa. Baƙi ne wuluk, sai ɗige-ɗige masu walƙiya da suka bazu a cikinsa da bayansa. An gasa shi a kudancin ƙasar Sin a zamanin daular Song, ya kuma daɗe a hannun gidan sarautar Kuroda na ƙasar Japan kafin ya shiga kasuwa.

Kuɗin ba su ne abin mamaki ba, domin masu dukiya sun saba zuba su a kan abin da ransu ya so. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne yadda aka yi wannan baƙin shafe ya sami irin wannan daraja. Kayan haɗinsa ba su da tsada ko kaɗan: ƙasa ce mai yawan ƙarfe, wadda maginan farin tangaran ke gudu, sai tokar itace. Mene ne ya sa sarakunan Sin suka fifita shi? Yaya aka yi ya mutu a ƙasar da ta haife shi, ya rayu a ƙasar da ta aro shi? Amsar tana cikin abu uku da ba sa rabuwa: irin ƙasar wurin, halin wuta, da al'adar mutanen da suke shan shayin.

Farar kumfa ce ta nemi baƙin kwano

Shafen da ake magana a kansa shi ne rufin gilashin nan da ke kan tangaran, wanda ke hana ruwa ratsa yumɓu, ya kuma ba shi santsi da sheƙi. Maginan Sin sun daɗe da sanin yadda ake yin baƙinsa. Tun a ƙarni na 4 tanderun Deqing da ke lardin Zhejiang suna fitar da baƙaƙen tuluna. Amma na dogon lokaci baƙin tangaran kayan aikin yau da kullum ne, koren tangaran da fari su ne na manya. Sauyin salon shan shayi ne ya juya lamarin.

A zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, ba jiƙa ganye ake yi a zuba ruwan ba. Akan matse ganyen shayi ya zama curi, a busar. In za a sha, sai a ɓantaro, a niƙa ya yi lukwi, a tankaɗe, a zuba garin a kwano, a ɗan ɗiga ruwan zafi a dama, sannan a ci gaba da ƙara ruwa ana burgawa da maburgin gora har kumfa ta taso. Shayi mafi daraja shi ne wanda kumfarsa ta fito fara fat, mai kauri, ta kama gefen kwano ta daɗe ba ta sake shi ba. Har gasa ake yi. Mutum biyu su burga, a zuba ido, wanda kumfarsa ta fara janyewa har layin ruwa ya bayyana a jikin kwano, shi ya faɗi. Duk wanda ya taɓa zama a fadar 'yan shayi a Agadas ko Damagaram, ya ga yadda mai dafawa ke ɗaga buta sama yana tsiyayawa don kumfa ta hau ƙaramin kofi, ya san cewa kumfa ita ce shaidar gwaninta.

To, farar kumfa ba ta fitowa sosai a farin kwano, kuma alƙalin gasa ba zai ga layin ruwa da kyau ba. Baƙin kwano ne ke tona komai. Cai Xiang, babban ma'aikacin gwamnati kuma gwanin rubutun hannu, wanda ya rayu daga 1012 zuwa 1067, ya kula da shayin da ake kai wa fada daga lardin Fujian. A ɗan littafin da ya rubuta kan shayi wajen tsakiyar ƙarni na 11, ya fifita baƙaƙen kwanukan yankin Jian, ya kuma kawo dalili na biyu: suna da kauri, in an ɗumama su suna riƙe zafi. Bayansa Sarki Huizong, wanda ya hau gado a 1100, ya rubuta nasa littafin shayin a 1107, ya yabi kwano mai baƙi da ya ɗan karkata zuwa shuɗi, mai sirarran layuka a jiki. Da sarki ya furta haka, magana ta ƙare. An tono gindin kwanuka masu yawa a wurin tanderun ɗauke da tambarin da ke nuna na fada ne.

Hatta siffar kwanon amfani ne ya tsara ta. Gindinsa tsukakke ne, bakinsa buɗaɗɗe, don maburgi ya sami wurin juyawa. Ƙasa da baki kaɗan akwai wani ɗan lotsi da ya zagaye shi, wanda ke tare shayin kada ya fantsalo yayin burgawa. Maginan Jian kusan ba su ƙera komai ba sai kwanon shayi, kuma a kansa suka ƙare basirarsu.

Abin da ke faruwa cikin tanderu

Tanderun Jian suna kusa da garin Shuiji, a gundumar Jianyang ta arewacin Fujian, ba nisa da gonakin shayin fada na Beiyuan. Ƙasar wurin ja ce, cike da ƙarfe, wanda yakan kai kashi 8 cikin 100 na nauyinta. In aka gasa ta sai ta fito baƙi-baƙi, da nauyi da kaushi, shi ya sa Sinawa ke ce wa jikin kwanon jikin ƙarfe. Shafen kuma ana haɗa shi ne da wata ƙasa mai ƙarfe ta yankin da tokar itace. Tokar ce ke kawo sinadarin da ke sa duwatsu su narke su zama gilashi.

Ƙarfe shi ne mai ba da launi, kuma yawansa ne ke yanke hukunci. In kaɗan ne, kamar kashi 1 ko 2 cikin 100, aka kuma gasa cikin wuta mai hayaƙi da ƙarancin iska, sai a sami kore mai sanyi. In ya ƙaru, sai launin ya koma na zuma, ya koma ruwan ƙasa, har ya zama baƙi. In ya wuce abin da gilashin zai iya haɗiyewa, sai rarar ta fito fili ta daskare a sama, ta ba da launin tsatsa. Maginan Jian a wannan bakin iyaka suka kafa sana'arsu: ƙarfe ya ishi baƙi, ya kuma ɗan yi rara.

Tanderun nasu dogaye ne, ana gina su a jikin tudu suna hawa, Sinawa na kiransu tanderun dodo. An tono wani a wurin wanda tsawonsa ya haura mita 130. Ana cinna wuta daga ƙasa, zafi ya riƙa hawa, ana jefa itace ta ƙofofin gefe. Kowane kwano ana sa shi cikin nasa kwanson yumɓu don kada toka ta faɗa masa, a jera kwansunan bisa juna. Tanderu guda yakan ɗauki dubban kwanuka a gashi ɗaya.

Zafin yakan kai wajen digiri 1,300 a ma'aunin Salsiyos. A irin wannan zafi tsatsar ƙarfen da ke cikin shafen takan saki iskar oksijin. Iskar tana tasowa ƙwal-ƙwal ta cikin narkakken gilashi, tana jan ƙarfe zuwa sama, ta fashe ta bar ɗigo mai yawan ƙarfe. Shafen yana da kauri, kuma yana malalowa ƙasa a hankali. Shi ya sa bakin kwanon Jian yakan zama ja-ja da kaushi saboda shafen ya zame daga can, ƙasa kuma ya taru ya yi kauri, wani lokaci har ya yi ɗigo ya tsaya. Magina kan bar gindin ba shafe don kada ya manne da kwanso. Masu kwanukan kuma sukan sa wa bakin zoben azurfa ko na wani ƙarfe don ya yi daɗi a leɓe.

Daga nan sai ragowar aiki ya koma hannun sanyi. Yayin da tanderu ke hucewa, ƙarfen da ya taru a sama yana daskarewa ya zama ƙananan ƙwayoyi masu walƙiya. Saurin hucewar, da yawan iska ko hayaƙin da ke cikin tanderu a lokacin, su ne ke tsara girman ƙwayoyin da launinsu. Kwano biyu da aka tsoma a shafe ɗaya, in ɗaya yana kusa da wuta ɗaya yana nesa, ba za su fito iri ɗaya ba. Tarin fasassun kwanuka da kwansuna da ya zama tuddai a Shuiji yana nuna yawan asarar da ake yi kafin a sami na kirki.

Gashin zomo, ɗigon mai, da wanda ya gagara

In ɗigon ƙarfen ya bi malalar shafe ya ja dogon layi siriri, sai a sami abin da Sinawa suka kira gashin zomo. Shi ne ya fi yawa, kuma shi Huizong ya yaba. Layukan sukan zo ruwan ƙasa ko ruwan zinariya, mafi wuya kuma ruwan azurfa. In zafi da lokaci suka daidaita har ɗigon ya tsaya inda yake bai malala ba, sai a sami ɗigon mai, wanda Japanawa ke ce wa yuteki, saboda kamarsa da mai a kan ruwa. Tsofaffin rubuce-rubucen Sin sun kuma ambaci wani iri da suka kwatanta da zanen gashin makwarwa.

Sama da su duka akwai yohen. A cikinsa ɗige-ɗigen suna taruwa rukuni-rukuni, kowanne da da'irar haske mai shuɗi, da shunayya, da kore a kewayensa, launin kuma yana sauyawa in an juya kwanon. Masu bincike sun fi karkata ga cewa ba wani rini ne ke ba da shuɗin ba, tsarin fatar gilashin ce mai matuƙar siranta ke karya haske. Cikakkun kwanukan yohen da duniya ta amince da su guda 3 ne kacal, kuma dukkansu suna Japan: ɗaya a gidan tarihi na Seikado a Tokyo, ɗaya a gidan tarihi na Fujita a Osaka, ɗaya a wurin ibada na Ryukoin da ke cikin Daitokuji a Kyoto. Gwamnatin Japan ta sa dukkansu cikin dukiyar ƙasa mafi daraja. A Sin kuwa, sai a 2009 aka tono wani fasasshe a wurin gini a birnin Hangzhou, wanda shi ne babban birnin daular Song ta Kudu. Wannan ɓallin ya nuna cewa mutanen babban birnin ma sun san irin wannan kwano.

Kimiyyar zamani ta ƙara wa labarin armashi. A 2014 wata tawagar masu bincike daga Faransa da Amurka da Sin, wadda Catherine Dejoie ke cikinta, ta wallafa sakamakon binciken ɓallayen Jian a mujallar Scientific Reports. Sun gano cewa ƙwayoyin da ke cikin ɗigon mai na ruwan azurfa wani nau'in tsatsar ƙarfe ne da ake kira efsilon, wanda ke da wuyar samarwa tsantsa ko a ɗakin gwaji na yau, kuma injiniyoyi na sha'awarsa saboda ƙarfin maganaɗisunsa. Maginan Fujian ba su da na'urar auna zafi. Launin harshen wuta suke dubawa, da ɓallin gwaji da suke zarowa. Iliminsu yana cikin ido da hannu, kuma ya kai su inda masu na'ura suka sha wuya kafin su isa.

Da kasuwa ta buɗe, sai sauran magina suka shigo, kowa da dabararsa. A Jizhou da ke lardin Jiangxi ƙasarsu ba ta da ƙarfe kamar ta Jian, sai suka koma ga wayo. Sukan ɗora ganyen itace a kan baƙin shafe, ganyen ya ƙone, tokarsa ta narke ta bar hotonsa har da jijiyoyinsa. Sukan yanka takarda su manna, su shafe, su ɗaga, zane ya fito. Sukan yayyafa shafe mai haske a kan baƙi ya yi kama da bayan kunkuru. A arewacin Sin, a lardunan Henan da Hebei da Shanxi, an yi baƙaƙen kwanuka masu ɗigon mai da masu feshin tsatsa. Yumɓunsu fari-fari ne, har wasu kan shafa wa gindin baƙar ƙasa don ya yi kama da na Jian. Wannan kwaikwayon shi ne babbar shaidar inda daraja take a lokacin.

Ya mutu a gida, ya rayu a waje

Bayan faɗuwar daular Song a hannun Mongol a 1279, salon burga garin shayi ya fara ja da baya, tanderun Jian ma suka bi shi. A 1391 Sarki Hongwu, wanda ya kafa daular Ming, ya soke kai wa fada curin shayi, ya ce a riƙa kawo sakakken ganye. Jiƙa ganye a buta ya zama ruwan dare. Shayin da aka jiƙa ruwa ne garai-garai mai launi, kuma farin tangaran na Jingdezhen ne ke nuna launinsa. Baƙin kwano ya rasa aikin yi. Ba wanda ya hana yin sa, buƙatarsa ce ta kau. Tanderun suka mutu, daji ya rufe su, ilimin da bai shiga takarda ba ya bi masu shi kabari.

A Japan labarin ya bi wata hanya. Malaman addinin Buda na ɗariƙar Zen sun riƙa zuwa Sin neman ilimi a ƙarni na 12 da na 13. Ɗaya daga cikinsu, Eisai, ya koma gida da salon burga garin shayi, ya kuma rubuta littafi kan amfanin shayi ga lafiya a 1211. Wasu sun yi karatu a wuraren ibada na dutsen Tianmu a Zhejiang, suka dawo da baƙaƙen kwanukan da ake amfani da su a can. Daga yadda Japanawa ke furta sunan dutsen aka sami tenmoku, sunan da maginan duniya ke kiran baƙin shafe mai ƙarfe da shi har yau.

Son kwanukan ya kai ga ana nemo su ko da an daina yin su. Wani jirgin ruwa da ya taso daga Ningbo zuwa Japan ya nitse a gaɓar Sinan ta Koriya wajen 1323. Da aka tsamo kayansa daga 1976, an sami tangaran fiye da 20,000, cikinsu har da kwanukan Jian da ke ɗauke da alamun an riga an yi amfani da su. 'Yan kasuwa tsofaffin kwanuka suke tattarowa a Sin don masu saye a Japan.

Shugabannin soja na gidan Ashikaga, waɗanda ake kira shogun, sun tara kayan Sin, kuma masu kula da taskarsu sun rubuta kundin da ake kira Kundaikan Sochoki, inda suka jera kwanukan daraja-daraja. Yohen ne a sama da ƙimar 10,000 a lissafinsu, ɗigon mai 5,000, kwanon Jian na gama-gari 3,000. Ba a ajiye irin wannan kwano a ƙasa, sai a kan wani ɗan mazauni na katako mai fenti. Kowane sananne yana da jakar alharini, da akwati cikin akwati, da tarihin hannayen da ya bi. Yohen na Seikado, alal misali, daga gidan shogun na Tokugawa ya fito, ya shiga gidan Inaba, aka sayar da shi a 1918 a kan yen 168,000, sannan Iwasaki Koyata, shugaban Mitsubishi, ya mallake shi a 1934. Wannan ɗabi'a ta adanawa da rubutawa ita ce ta sa mafi kyawun kwanukan Fujian suna Japan a yau. A 2019 an baje kolin yohen ɗin nan 3 a lokaci guda a wurare daban-daban, jama'a suka yi dogayen layuka don su gani.

Baƙin da Japanawa suka yi wa kansu

Japanawa ba su tsaya ga saye ba. Tun a ƙarni na 14 maginan Seto, kusa da Nagoya ta yau, suna yin nasu tenmoku da yumɓunsu mai haske. Ba su kai zurfin baƙin Jian ba, amma sun wadata wuraren ibada da gidajen mayaƙa da kwanuka.

Babban sauyi ya zo a ƙarni na 15 da na 16, lokacin da malaman shayi irin su Murata Juko, da Sen no Rikyu wanda ya rasu a 1591, suka karkatar da zukata daga ƙawa zuwa sauƙi da tawali'u, abin da suke kira wabi. A idonsu kwanon da bai cika sheƙi ba, wanda ya fito kamar an barbaɗa masa toka, ya fi dacewa da ƙaramin ɗakin shayi mai bangon ƙasa. Daga wannan ra'ayi aka haifi baƙi iri biyu da babu su a Sin.

Na farko shi ne Setoguro, wanda aka yi a yankin Mino a ƙarshen ƙarni na 16. Magini yakan sa awartaki ya zaro kwano daga tanderu yana ja zur, ya bar shi ya huce nan take. Saurin hucewar yana hana ƙarfe daskarewa ya yi ɗigo ko tsatsa, sai baƙin ya fito tsantsa. Tabon awartakin yakan zauna a jikin kwanon, kuma ba a ɗaukarsa aibi. Na biyu shi ne baƙin Raku, wanda magini Chojiro ya fara a Kyoto a shekarun 1580 bisa shawarar Rikyu. Da hannu ake gina shi ba da na'urar juyi ba, a kankare shi da wuƙa. Shafensa daga niƙaƙƙen dutsen kogin Kamo ne mai ƙarfe. Ana gasa kwano ɗaya-ɗaya a ƙaramin tanderu da gawayi da zugazugi, a zaro shi da zafinsa. Baƙinsa ba ya walƙiya sosai, jikinsa ba nauyi, kuma ba ya ƙona hannu. Shayin Japan kore ne shar, saboda haka baƙin da aka nema don farar kumfa a Sin ya koma yi wa kore hidima. Gidan Raku na nan a Kyoto, magaji na 16 ne ke riƙe da shi tun 2019.

Bambancin hanyoyin biyu ya cancanci a lura da shi. Maginin Jian yana barin tanderu ya huce a hankali don ƙarfe ya yi ado. Maginin Mino da na Raku suna gaggauta hucewar don su hana adon. Sinadari ɗaya ne, sanin halinsa ɗaya ne, amma kowa ya juya shi zuwa ga abin da mutanensa ke gani kyakkyawa.

Dawowar sana'ar, da yadda ta iso Abuja

A 1935 wani Ba'amurke mai suna James Marshall Plumer, wanda ke aiki a hukumar kwastan ta Sin, ya kai ga tuddan ɓallaye na Shuiji, ya sanar da duniya inda aka yi kwanukan. A Japan, Ishiguro Munemaro ya ba da rayuwarsa ga shafen ƙarfe, ya farfaɗo da kwano mai hoton ganye, kuma a 1955 gwamnati ta ba shi matsayin da ake kira dukiyar ƙasa mai rai. A Sin an kafa tawagar masana da magina a 1979 don gano yadda ake yin kwanon Jian, suka sami nasarar fitar da gashin zomo cikin shekaru kaɗan, ɗigon mai ya biyo baya. A 2011 aka sa sana'ar cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Yau Jianyang cike take da masu tanderu. Yohen kuwa har yanzu magina a ƙasashen biyu suna binsa, wasu uba ya mutu ya bar wa ɗa neman.

Wani reshe na labarin ya iso ƙasarmu. Bernard Leach ɗan Ingila ya koyi gini a Japan, ya koma gida a 1920 tare da Hamada Shoji suka kafa masana'anta a St Ives, baƙin shafen tenmoku na cikin abin da suka yaɗa. Almajirin Leach, Michael Cardew, shi ne ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950. Ya dage kan a nemo yumɓu da duwatsu da toka daga ƙasar nan maimakon a yi odarsu. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko a cikinta, bayan Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Ta ci gaba da gina tulunan Gwari da hannu, da zanen ƙadangare da kada da kunama, amma a cibiyar akan gasa su da wuta mai tsanani ƙarƙashin shafe mai duhu. Gidajen tarihi da na gwanjo a Turai suna kiran shafen da ke kan wasu kayan Abuja tenmoku. Ladi Kwali, matar da hotonta ke bayan takardar naira 20, tana da hannu a wannan dogon tarihi.

Abin da ya kamata a riƙe

Farfaɗowar ta zo da nata matsalar. Kasuwa ta cika da kwanuka masu launin bakan gizo, waɗanda wasunsu an sake gasa su ne da wasu sinadarai don su yi walƙiya, ana tallarsu da sunan yohen. Tanderun lantarki da na gas sun sa ana iya fitar da ɗigon mai dubu iri ɗaya. Ba laifi ba ne talaka ya sami kwano mai kyau da araha, wannan ci gaba ne. Laifin yana wurin da aka mayar da walƙiya ita ce ma'auni. Tsohon kwanon Jian baƙinsa ne ginshiƙi, adon yana biyo baya, kuma sai an zuba shayi an ɗaga shi zuwa haske yake bayyana sosai. An yi shi ne don hannu da baki, nauyinsa da kaurinsa da lotsin bakinsa duk suna da aikin da suke yi.

Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Sinawa sun yi watsi da sana'ar na ƙarnuka da dama, kuma da suka waiwayo sai da masana suka yi shekaru suna gwaji kafin su dawo da abin da maginin ƙauye ya sani tun yana yaro, wani ɓangaren ma har yau bai dawo ba. Japanawa sun riƙe kwanukan ne saboda sun riƙe shan shayin da ya haife su, suka kuma rubuta tarihin kowanne. Sana'ar hannu tana rayuwa ne muddin akwai masu amfani da abin da take fitarwa da masu koya daga bakin gwanaye. Wanda yake son wata sana'a ta wanzu, ko a Fujian ko a Suleja, hanyar a fili take: ya sayi kayan ya yi amfani da su, ya biya magini haƙƙinsa, a kuma rubuta abin da tsofaffin gwanaye suka sani tun suna da ran faɗa.